Kifin Ƙanƙara a Gidan Basarke

Mu Sarkawa ne. Babana masunci ne, ubansa ma masunci, kuma a kan gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar Kwara, wanda yanzu yake can ƙarƙashin tafkin Kainji tare da kaburburan kakannina. Ina ƙarama aka datse ruwa domin a samo wutar lantarki, aka kwaso mu aka zube a gefen Yelwa ta Yawuri. Ban tuna gungun ba sai dai a bakin Inna. Abin da na buɗe ido na gani shi ne murhun bandarta a tsakar gida, na laka, tsayinsa ya kai ƙugu, da ragar waya a samansa, da rumfar ciyawa da ke tare masa ruwan sama.

A gidan Basarke ba a sayen kifi. Ba doka ba ce da wani ya rubuta, amma kowa ya san ta. Ana iya kwana da tuwo da miyar kuka tsura, ana iya karɓar kyautar kifi daga ɗan'uwa, amma matar masunci ta tsaya a kasuwa ta miƙa kuɗi a ba ta kifi, wannan daidai yake da ta hau tudu ta yi shela cewa mijinta ya mutu a tsaye. Na san wannan tun ban iya ɗaura zane ba. Ina faɗarsa tun da wuri ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani.

Baba ke kamowa, Inna ke banda. Takan lanƙwasa tarwaɗa, ta kawo wutsiya bakin kai ta soke da tsinke, ta jera a kan raga kamar awarwaro. Wutarta ba ta harshe, hayaƙi ne da zafi a hankali, kwana uku tana juyawa, tana matsa kowanne da babban yatsa don ta ji ko ruwa ya fita. Ba ta duban kifi ta san ya yi, hannunta ke gaya mata. Saboda wannan hannun ne wata mata Ibo daga Anaca, wadda muke kira Madam, ta shekara fiye da goma ba ta sayen kifi a ko'ina sai a gidanmu. Takan zo da babbar mota cike da manja da garin rogo da goro, motar ta koma da kifi da albasa da shinkafar fadama, an labta har direba na rantsuwa ba za ta hau tudu ba.

Da kuɗin bandar nan aka sa ni makarantar sakandare ta kwana. A aji huɗu muka samu malamin Ikonomis, mutumin Gana, dogo, mai son zane a allo. Wata rana ya zana ma'auni mai faranti biyu. Ya ce a ɗaya ƙasa ke ɗora abin da take sayar wa waje, a ɗayan abin da take sayowa. Ya ce gwamnatinmu ta buɗe ƙofa, an sassauta wa kayan waje, kuma duk ƙasar da ta yi haka farantin shigowa ne ke fara yin nauyi, domin kayan mutane a shirye suke a bakin teku suna jira, naka kuwa sai ka shuka, sai ka jira damina. Ya ce daga baya ma'aunin kan iya daidaita, in kana da abin sayarwa. Wata yarinya 'yar Shanga ta ɗaga hannu ta ce, to mu me muke sayarwa? Ya ce fetur. Ta ce, sai me? Ya yi dariya ya juya yana goge allo.

Amma abin da ya zauna mini a kai wani darasi ne daban. Ya ce kowa ya riƙe abin da ya fi kowa iyawa, sauran ya saya inda ya fi araha. Na haddace shi da Turanci kalma bayan kalma. Na ci maki mai kyau da shi.

Da na gama jarrabawar ƙarshe na dawo gida, sai na tarar da kasuwar Yelwa ta sake fuska. Fararen buhunan shinkafar waje an jibge su har rufin rumfa, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, matan ma'aikata ba sa ko kallon ta fadama. Kusa da tashar mota wani mutum ya buɗe shago mai ɗakin sanyi, mota mai farin akwati na kawo masa kifin teku a kwali, daskararre kamar itace, mai shuɗin baya da zane-zane. Kifin ƙanƙara ake ce masa. Wutar da aka nutsar da garinmu don a samo ta, ita ke riƙe masa sanyi, mu kuwa har lokacin da fitilar ƙwai muke kwana.

Baba ya ƙi ko taɓa shi. Ya ce, "Kihin da ba a san wanda ya kama shi ba, ba a san shekarar da ya mutu ba? Wanga ai gawa ce ba a yi wa sutura ba."

Abokan sunsa suka yi ta dariya a bakin ruwa. Amma gawar nan rabin kuɗin tarwaɗa ake sayar da ita, kuma mai abinci a tasha ba ruwanta da wanda ya kama.

Ni da na yi boko, sai na riƙa lura da motoci. Suna zuwa daga kudu a danƙare, da shinkafa, da kifi, da madarar gwangwani, da tumatirin gwangwani, har da kaji marasa kai. Suna komawa kuwa jikinsu na kwaramniya, 'yan buhunan albasa na birgima a ciki. Na ce a raina, ga ma'aunin malam nan a tashar Yelwa. Har wani daɗi na ji, wai na gane abin da sauran mutane ba su gane ba.

Zuwan Madam na farko bayan dawowata, ta zauna a kan turmi kamar yadda ta saba, ta sha ruwa, ta karya kifi guda ta shinshina, ta ce ya yi. Sannan ta ware kwando biyu kacal daga cikin takwas da Inna ta shirya mata.

Inna ta ce, "Madam, yau ko motar taki ta yi ciki ne, ba ta son nauyi?"

Madam ta ce, da irin Hausarta, "Mama, kasuwa ya lalace. Anaca kowa kifin ƙanƙara. Suna banda shi, suna saida araha. Naki mai kyau, amma mutane ba kuɗi."

"Su ci arahar. Cikinsu zai gaya musu."

"Ciki ba ya magana, Mama. Aljihu ke magana."

Zuwa na biyu kwando ɗaya ta ɗauka. Na uku ta aiko direba ya ce a gaishe mu. Kifin ya zauna a ɗaki har ƙwari suka fara yi masa gari, Inna na fitarwa tana sake nuna masa hayaƙi, tana mayarwa. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba. Sai dai ta rage magana, kuma ta daina tsokanar maƙwabciyarmu, wadda ita ma banda take yi, kuma shekara da shekaru Inna na ce mata kifinta ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci.

Lokacin nan Baba ya tafi su can wajen Ngaski, inda masunta sukan kafa bukka su yi kwana goma ko fiye. Muna zaune da hantsi ina tsince shinkafa, na kawo maganar.

Na ce, "Inna, ke fa ba kamun kifi ne sana'arki ba. Banda ce. Ba wanda ya kai ki. In na ƙanƙara suke so, mu sayo shi da araha ki yi masa irin bandarki. Na Anaca ba za su kama ƙafarki ba."

Ta dube ni kamar na zagi wani babba.

"Mi kika ce? In sayi kihi? Ni?"

"A makaranta an koya mana..."

"Makarantar taku ba ta da uba masunci, shi ya sa."

Na bar maganar ranar. Washegari na sake, jibi na sake. Na iya magana, abin da aka tura ni koyo ke nan. Na ce mata Madam za ta saba da wani gida. Na ce ba wanda zai sani. Na ce ni zan je in sayo, ni 'yar boko ce, ko an gan ni za a ce iyayi ne. A rana ta huɗu ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini kuɗi a kan tabarma, ba ta miƙa mini a hannu ba.

Ta ce, "Babanki kada shi ji. Kuma wancan gidan kada su shaƙi ko ƙamshinai."

Na je shagon na sayo kwali biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne na sa a kwando na rufe da ganyen rama na ɗora a ka. Sanyin ya ratsa gammo ya shiga ƙwaƙwalwata, ruwa na bin wuyana. Jikin kwalin an yi rubutu da wani harshe da ko ni ban iya karantawa ba, da hoton jirgin ruwa.

Don kada a gani, Inna ta ɗauko zana uku muka kewaye rumfar bandar, muka bar 'yar ƙofa. Ba ta taɓa yin haka ba, murhunta kullum a sarari yake iska na wucewa. Muka jiƙa kifin ya saki, ta tsaga ta wanke, tana taɓe baki.

"Dubi nama kamar na mai jego. Ko ƙaya ba shi da ita ta kirki."

Kifin ya ƙi lanƙwasuwa da daɗi, yana fashewa a baya. Duk da haka ta jera shi, ta cika raga taf har hawa biyu, don a gama kafin Baba ya dawo. Ta rufe da tsohuwar tabarma kamar yadda take yi wa tarwaɗa, ta hura irin wutar da ta saba hurawa shekara talatin.

Ba wanda ya gaya mana cewa kifin teku mai ne zalla. Tarwaɗa ma tana da maiƙo, amma takan sake shi kaɗan-kaɗan, Inna ta san lokacinsa. Wannan kuwa da ya ji zafi sai ya fara zuba. Bayan azahar ina wanke kwanoni na ji ƙara daga cikin zanar, tas, tas, tas, kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Inna ta leƙa ta ce bari ta rage itace. Tana janye icen farko, wutar ta tashi gaba ɗaya daga ƙasan murhu zuwa tabarma, daga tabarma zuwa ciyawar rumfa. Ban taɓa jin wuta ta yi irin wannan kukan ba.

Ta fito da gudu, lafiya lau. Wannan ne ke hana ni sukuni. Ta riga ta fito. Tana tsaye kusa da ni, ba abin da ya same ta sai toka a ɗankwali. Sai muka ji muryoyi a waje, ana kiran gobara, ana dukan ƙyaure. Na ga ta juya ta dubi kwalayen nan biyu da muka jingine a gindin murhu, da hoton jirginsu yana kallon ƙofa.

Ta ce, "Za su gani."

Ta koma ciki.

Ni kuma na yi abin da kowace 'yar bakin ruwa za ta yi. Na sungumi tulu na watsa wa murhun ruwa. Na yi sakandare shekara biyar, an koya mana a ajin girki cewa ba a zuba wa wutar mai ruwa, na rubuta a littafi na ja layi a ƙarƙashi. Man ya yi tsalle da wutarsa ya fantsama, ragar ta goce, Inna ta kai hannun dama ta tare ta don kada ta zubo mata a fuska. Na ji ta ce "Wayyo" sau ɗaya, a hankali, kamar wadda ta tuna ta manta wani abu a kasuwa.

Maza suka ɓalle ƙyaure suka shigo, suka jawo ta, suka danne wutar da ƙasa. Maƙwabciyarmu ce ta cire zanenta na sama ta naɗe ta. Kwali ɗaya na hannun hagun Inna, ta ƙanƙame shi, sai da aka ɓamɓare. Kifin kuwa ya watsu ko'ina a tsakar gida, baƙi-baƙi, wani da sauran shuɗin bayansa. Kowa ya gani. Wani tsoho ya juya ɗaya da sandarsa ya ce, "Ikon Allah," ya fita.

Ta yi sati biyar a asibiti. Ni ke kwana da ita, ni ke riƙe mata kafaɗa idan za a wanke ciwon. Ba zan rubuta yadda hannun yake ba. Na gwada sau biyu, alƙalamin ya ƙi.

Labari ya iske Baba a Ngaski kafin mu aika. Ya zo asibiti da kayan sunsa a jiki, ya tsaya a bakin gadon ya daɗe. Na jira ya yi faɗa, na ma so ya yi. Ya tambayi Inna ya jiki, ta ce da sauƙi. Ya juyo gare ni.

"Ke kika sawo?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Inna ta ce, "Ni na aike ta."

Ya ce, "Ban tambai ki ba." Sannan ya sake dubana ya ce, "Da araha dai ko?"

Ya fita ya zauna a gindin dalbejiya har la'asar. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Amma a bakin ruwa an daɗe ana tambayarsa ko yanzu a teku yake su, kuma ya daina zama cikin abokansa bayan an ja jirgi.

Hannun ya warke a dunƙule. Yatsu uku sun manne sun lanƙwashe zuwa tafi, babban yatsa ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Da hagu take cin abinci yanzu, tana neman gafarar Allah kowace loma, kamar ita ta zaɓa.

Ba a yi shekara ba rediyo ya sake murya. Aka ce kuɗin fetur ya faɗi, kuɗin ƙasar da ke waje ya ƙare, mun sayo fiye da abin da muka sayar, za a tsuke ƙofa. Mai karanta labarai ya faɗe shi da irin muryar da yake faɗar sakamakon ƙwallo. Fararen buhuna suka ɓace, aka koma bin layi don sabulu da madara. Manoman fadama da suka rage shuka saboda ba mai saye, sai ga shi ana bin su gida. Motar mai farin akwati ta koma zuwa sau ɗaya a wata, daga baya mai shagon ya sa kwaɗo ya koma sayar da katifa. Waɗanda suka buɗe ƙofar da waɗanda suka rufe ta, ban ji an ce wani cikinsu ya ƙone ko da gefen riga ba.

Sai ga Madam, da fara'arta, tana kiran "Mama, Mama" tun daga zaure. Ta ce yanzu Anaca kowa kifin Yawuri yake nema, ko nawa ne za ta ɗauka. Ta tsaya tana duban inda murhu yake da, ba komai sai baƙar ƙasa. Inna ta fito da hannun daga cikin mayafi ta ɗora a kan gwiwa. Madam ta zauna a kan turmi ta rufe baki da gefen zane.

Inna ta ce, "Bar kuka, Madam, ba mutuwa na yi ba. Ga ɗiyata nan, ta gama boko, ba ta aikin komi. Ki dawo wata kasuwa."

Baba ya gina sabon murhu a kwana biyu, bai yi masa rumfa ba. Ya kawo tarwaɗa masu rai, manya. Na lanƙwasa na soke na jera, Inna na zaune a kujera tana gyara mini da baki. Wannan duk na iya, na tashi ina gani. Da aka zo hura wuta na hura. Amma maiƙon farko da ya ɗiga a kan garwashi ya yi tas, sai na ji fitsari na neman kufce mini, na janye itace biyu.

"Mayar da su."

Na mayar da ɗaya.

"Wagga wuta ko ƙuda ba ta kora. Ƙara."

Na ce to. Da ta shiga ɗaki yin salla na sake janyewa. Haka muka yi kwana uku, tana sa ni in ƙara, ina ragewa da zarar ta kau da ido. Takan miƙa hannun hagu ta matsa kifin, ta sake matsawa. Hagun bai san aikin ba. Ta ce mini wataƙila ya yi.

Ranar kasuwa Madam ta zo da kwandunanta. Waje kifin ya yi kyau, ja-ja, yana sheƙi. Ta ɗauki guda ta karya. Ciki fari ne, da danshi, kuma ko daga inda nake tsaye na ji abin da ta ji. Ta ɗauki wani daga ƙasa ta karya. Ta haɗa ɓarin biyu ta mayar cikin kwando a hankali, ta goge yatsunta.

Ta ce, "Mama, hanya kwana biyu ne. Ba zai kai ba."

Inna ta ce, "Na sani."

Madam ta ɗan jima tana wasa da bakin jakarta, sannan ta ce, "To wane gida zan je?"

Inna ta nuna katangar maƙwabciyarmu da haɓa.

"Nan kusa. Ki ce ni na turo ki. Ki sa ta buɗe miki kwandon da ke cikin ɗaki, na waje na baƙi ne. Kuma ki karya ki gani, kada ki ji kunyarta."

Madam ta yi godiya ta kwashi kwandunanta. Muna jin sallamarta ta kan katanga, muna jin maƙwabciyar na cewa a kawo wa baƙuwa kujera. Inna ta ce in kwashe kifin in kai bayan gari kafin Baba ya dawo daga ruwa.